Fasaha a Gidanmu: Kafin a aike ku sayo akwatin kallo



A makon jiya mun kai ziyara wani gida a Ƙofar Mazugal, kusa da filin da a da ake jera dalar gyaɗa. A zaure muka tarar da wani ɗalibi ɗan aji biyar na sakandare, ya yi tagumi, ga wani ɗan baƙin akwati ajiye a gabansa. Da muka tambaye shi lafiya, sai ya kwashe labari ya ba mu.

Mahaifiyarsa ba ta son Daɗin Kowa ya wuce ta, amma sau da yawa lokacin da Arewa24 ke nuna shirin babu wuta a unguwar. Ƙannensa kuma kullum suna rububin wayar yayarsu don kallon Labarina a YouTube. Sai mahaifinsu ya ba shi kuɗi ya ce, "Kai ne ɗan boko, je ka sayo mana abin nan da ake haɗa talabijin da intanet, kowa ya huta." Ya shiga kasuwa, wani mai shago ya nuna masa kwali mai ɗauke da manyan rubuce-rubuce, ya biya ya taho. Da ya iso gida, wayar akwatin ta ƙi shiga bayan talabijin. Washegari ya koma ya sayo mahaɗi. Akwati ya kama aiki, amma cikin dare uku datar da aka saya ta wata guda ta ƙare. Abbansa bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Ashe kai ma ba ka sani ba." Wannan maganar ce ta zaunar da shi a zaure.

Mun san da yawanku ku ne ake aika irin wannan sayayya, don iyaye sun yarda ku ne masu ido a kan na'ura. Kuɗin kuwa da gumi aka samo shi. Saboda haka ga tambayoyi biyar da za ku amsa tun kuna gida, kafin ku hau adaidaita sahu zuwa titin Beirut ko Farm Centre.

Me mutanen gidan ke son kallo?

Ku zauna da Umma da Abba da ƙanne ku rubuta. Idan shirye-shiryen Kannywood masu dogon zango ne, irin su Labarina na Aminu Saira ko Izzar So, yawancinsu suna YouTube, kuma kusan kowace na'ura tana buɗe YouTube. Idan shirye-shiryen Arewa24 ne da suka wuce, tashar tana da tata manhajar, sai ku tabbatar na'urar za ta iya saukar da ita. Kada sunayen manhajojin da aka jera a jikin kwali su ruɗe ku. BBC iPlayer, alal misali, an yi ta ne don mazauna Birtaniya, ba za ta buɗe muku a Kano ba, komai kyan hotonta a kwalin.

Wace irin ƙofa ce a bayan talabijin ɗinku?

Ku juya talabijin ku duba. Idan kun ga wata siririyar ƙofa mai faɗi an rubuta HDMI a gefenta, kun huta. Idan ramuka uku kawai kuka gani, ja da fari da rawaya, to tsohon yayi ne. Na'urori masu kama da sanda, irin Fire TV Stick na Amazon da Chromecast na Google, HDMI kaɗai suka sani. Wasu akwatunan Android suna da ƙofar AV da ke karɓar wayoyin nan masu launi uku. Ku ɗauki hoton bayan talabijin da waya ku tafi da shi kasuwa. Idan kuwa talabijin ɗin na zamani ne mai YouTube a cikinsa, wataƙila ma ba ku buƙatar sayen komai.

Data nawa gidan zai iya saya a wata?

Nan ne gizo ke saƙar. Akwatin sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, data kuwa kullum ce. Kamfanin Netflix ya bayyana cewa kallon awa ɗaya kan ci har kimanin gigabait 1 idan hoton matsakaici ne, har 3 idan HD ne, har 7 idan 4K ne. Mu yi lissafi irin na aji. Gidan da ke kallon awa 2 kowane dare a HD zai iya cinye gigabait 6 a dare, wato 180 a wata. Idan aka sauke hoton zuwa matsakaici, lissafin ya dawo 60. Abin da ya faru da abokinmu ke nan: akwatin ya zaɓi hoto mafi kyau da kansa, yana zuƙar data ba wanda ya lura. Ku tuna kuma a watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da abin da bai wuce kashi 50 cikin 100 ba. Don haka ku nemi na'urar da za ku iya rage ingancin hotonta da hannu. A YouTube, 480p ya ishi talabijin mai inci 32 idan ana zaune nesa kaɗan.

Zai karanta abin da ke cikin gida?

Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa, kuma ita ta fi ceton aljihu. Yawancin gidaje suna da fina-finai da karatuttukan malamai da hotunan biki a filasha, ko a katin memori, ko a tsohuwar kwamfutar yaya. Akwati mai ƙofar USB zai nuna su kai tsaye. Bayan haka, idan akwatin da kwamfutar suna kan Wi-Fi ɗaya, manhaja irin VLC ko Kodi za ta iya janyo bidiyo daga kwamfutar zuwa talabijin. Saƙon yana yawo ne tsakanin na'urorin gidan kawai, bai fita intanet ba, saboda haka ba ya cin data. A nan akwatin Android ya fi sanda, don yawancin sandunan ba su da cikakkiyar ƙofar USB sai an ƙara musu wata waya.

Ga inda abin ya shafe ku kai tsaye. Darasin Chemistry ko lissafi na shirin WAEC da JAMB, mutum ɗaya zai saukar da shi sau ɗaya, ku biyar ku kalla a babban allo, ku tsayar, ku maimaita, ba tare da an sake kashe ko sisi ba.

Na gaske ne ko jabu?

Kasuwa cike take da akwatuna marasa suna da aka rubuta musu 8K da RAM mai yawa, alhali abin da ke ciki bai kai haka ba. Matsalar ba ta tsaya ga nauyin aiki ba. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0, wadda ake samu a cikin wasu na'urori masu araha tun kafin a sayar da su, tana ba ɓata-gari damar amfani da intanet ɗin gidan mutum. Ku yi hattara da akwatin da aka ce yana buɗe dukkan tashoshin biya kyauta har abada. Araha ba ta ado. Ku nemi mai sunan kamfani sananne, mai Google Play na ainihi, mai RAM aƙalla gigabait 2. Ku ce wa mai shago, "Malam, don Allah a jona mu gani." Ku buɗe YouTube a gabansa, ku sa filasharku, ku gwada rimot, ku karɓi rasit. Kada kuma ku shigar da imel ɗin Abba, wanda ke haɗe da asusun bankinsa, a na'urar da ba ku yarda da ita ba.

Batun wuta kuwa, waɗannan na'urori ba su da ci. Talabijin ce mai jan wuta, don haka gidan da ke da ƙaramin sola ita zai fara lissafawa.

Saura magana ɗaya. Amfanin wannan na'ura shi ne shiri ya jira ku, ku kalla lokacin da kuka ga dama. To tunda yana jira, babu dalilin barin aikin gida ko makarantar Islamiyya saboda shi. Kashi na gaba yana nan har ranar Asabar, jarrabawa kuwa ba ta jiran kowa. Ku kashe tsarin nan da ke kunna bidiyo na gaba da kansa. Ku sani kuma ba duk abin da ke intanet ne ya bi ta Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ba, don haka idan ƙanne za su riƙe rimot, a buɗe musu YouTube Kids, kuma talabijin ta zauna a falo inda manya ke gani.

Abokinmu na Ƙofar Mazugal bai jefar da akwatinsa ba. Mun zauna tare muka rage hoton zuwa 480p, muka jona filashar yayarsa. Kafin mu fito, mun jiyo muryar Ummansa daga ɗaki tana cewa a mayar mata baya kaɗan, ba ta ji abin da aka ce ba.

Aikinku na wannan mako: ku duba bayan talabijin ɗin gidanku, ku rubuta sunayen ƙofofin da kuka gani, sannan ku lissafa datar da kallon awa ɗaya kullum zai ci a wata. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.