Salisul Bauli Ba Ya Raba Dattijo da Sahu

A ƙasar Gagarawa akwai dattawan da suka ƙaurace wa jam'i, suka daina cin kasuwar Maigatari ran Alhamis, alhali ƙafarsu lafiya lau. Fitsari ne ke zubo musu ba da nufi ba, kunya ta tsare su a ɗaka.

Alhakin wannan yana wuyan malamai da 'yan kasuwa. Duk wanda ya karanta Risala da sharhohinta ya san hukuncin salisul bauli: wanda abin ya lazimce shi galibin lokaci alwalarsa ba ta warwarewa da shi, sabunta ta ga kowace salla mustahabbi ne. Rangwamen da shari'a ta yi, don me za a bar shi cikin littafi, ba a faɗe shi wurin wa'azi?

Saura tsare tufa da shimfiɗar masallaci. Da can tsumma ake naɗawa. Yau akwai ƙunzugun manya na kanti, wanda jama'a ke kira famfas. Sharaɗinsa a sauya shi da zarar ya jiƙe, a wanke jiki a tsane, domin zafin bazara kan sa fata ta saɓule. Tsadarsa ita ce cikas. Mai kanti a Gumel da zai buɗe ƙunshi ya sayar ɗai-ɗai, ya miƙa a rufe bai tambayi na wane ne ba, ya haɗa ciniki da lada.

Sai dai ƙunzugu ba magani ba ne. Namiji ya je ga likita, sau da yawa ciwon sukari ne ko toshewar mafitsara. Macen da yoyon fitsari ya same ta bayan doguwar naƙuda a kai ta asibitin Jahun, inda ake yin ɗinkin kyauta tun shekarar 2008.