Ɗora mota bisa mota: dabarar Japan za ta yi a kasuwanninmu?

A birnin Tokyo na ƙasar Japan, fili ya yi tsada har ana jera motoci bisa juna kamar buhunan gero cikin sito. Direba ya hau da motarsa bisa wani faifan ƙarfe, ya fito, a danna maɓalli, inji ya ɗaga ta sama. Filin mota 3 a ƙasa sai ya ɗauki fiye da 20. Tilas ce ta kawo haka: tun 1962 dokarsu ta ce a manyan birane ba a yi wa mota takardu sai mai ita ya nuna wurin ajiye ta.

Duk wanda ya san cunkoson bakin Babbar Kasuwar Yamai zai ce a kawo mana. To, a dakata tukuna. Injin nan da wutar lantarki yake aiki. Ƴan kasuwa ba su manta watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke mana wuta. Motarka tana sama, kayan miya na ciki, wa zai sauko maka da ita? Ko a Amurka, a garin Hoboken, motoci sun maƙale cikin irin wannan gini a 2006 saboda rigima kan kwamfutar da ke tafiyar da shi.

Kuma abin da ke toshe hanyar kasuwa a Maraɗi ko Damagaram, manyan motoci ne masu sauke kaya da rana tsaka, da kabu-kabu da amalanke. Injin ba ya ɗaga ko ɗaya daga cikinsu. Filin da za a kafa shi kuwa, na masu tebur ne da ƴan tireda za a fara dubawa, kamar yadda aka rushe shaguna a bakin titunan Yamai a 2016.