Alƙawura Biyar na Mabiya Buda da Tambayar da Suke Jefo Mana

Duk majalisar Hausawa da aka ambaci mabiya addinin Buda, Rohingya ne ke fara faɗo wa mutane a rai. Ba a manta da watan Agustan 2017 ba, lokacin da sojojin Miyanma suka far wa Musulmin jihar Rakhine, aka ƙone ƙauyuka, mutum sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh. Ba a manta da Wirathu ba, malamin addinin nan da ya yi suna wajen wa'azin ƙin Musulmi. Gambiya ce, a nan Afirka ta Yamma, ta kai ƙarar Miyanma gaban kotun duniya a watan Nuwamban 2019. Don haka na san wani zai ce, malam, me ya kai ka rubutu a kan tarbiyyar waɗannan mutane? Wannan ta'asar ce ta kai ni, domin akasarin waɗanda suka tafka ta sun tashi tun suna yara suna maimaita alƙawarin ba za su kashe ko da sauro ba.

Wanda ya kafa addinin, Siddhartha Gautama, an haife shi a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ga mabiyinsa na yau da kullum, manomi ko ɗan kasuwa ko malamin makaranta, akwai alƙawura biyar: ƙin kashe mai rai, ƙin ɗaukar abin da ba a ba ka ba, ƙin lalata, ƙin faɗar ƙarya, da ƙin shan abin da ke gusar da hankali. A ƙasashe irin su Siri Lanka da Tailan da Miyanma ana karanta su cikin harshen Pali, malami yana faɗa jama'a na amsawa. Abin lura shi ne sigar maganar. Kowane alƙawari mutum ne da bakinsa yake cewa ya ɗauki nauyin horar da kansa a kan barin abu kaza. Ya ɗauka yau, gobe zai sake ɗauka, kamar mai share tsakar gida da ya san iska za ta dawo da ƙura.

Ba su bar abin a baki kawai ba. A Siri Lanka, ranar cikar wata, wadda suke kira Poya, hutu ce a duk ƙasar, kuma ana rufe shagunan giya da mahauta. A irin waɗannan ranaku masu himma kan ƙara alƙawuran su zama takwas: ba cin abinci bayan tsakar rana, ba kwalliya da kallon wasanni, ba kwana a gado mai alfarma. A Tailan akwai gangamin da ake yi duk shekara na barin giya tsawon wata uku na damina, lokacin da malamansu ke zaman ibada wuri ɗaya. Hatta sana'a an yi mata iyaka: koyarwarsu ta hana mabiyi cinikin makamai, da cinikin mutane, da na dabbobin yanka, da na kayan maye, da na guba. Tarihi ma ya adana misalin Sarki Ashoka na Indiya, wanda ya ci ƙasar Kalinga da yaƙi wajen shekara 260 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi da kansa ya sa aka sassaƙa a jikin duwatsu cewa mutum 100,000 suka mutu a yaƙin, ya bayyana nadamarsa, ya koma haƙa rijiyoyi da dasa itatuwa a bakin hanyoyi.

To amma ga ɗaya gefen. Tailan ɗin nan, inda fiye da kashi 90 cikin 100 na jama'a mabiya Buda ne, duk watan Afrilu a bikin sabuwar shekararsu ɗaruruwan mutane ke mutuwa a kan tituna, kuma tuƙi cikin maye na cikin manyan dalilai. Miyanma kuwa mun riga mun faɗi abin da ya faru. Darasin a bayyane yake: al'umma na iya haddace kyakkyawar magana, ta rera ta safe da yamma, ta gina mata gine-gine masu rufin zinariya, amma ranar da fushi ko kwaɗayi ya taso, haddar ta kasa riƙe hannun kowa. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, sai ka taka naka ka hango na wani. Bari mu sauko daga kan namu tudun mu duba shi.

Ɗauki waɗannan abubuwa biyar ka bi da su babban titin da ya taso daga Doso ya ratsa Kore Mairuwa ya nufi Dogon Dutsi. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake baƙo a kunnen Musulmi ko Kirista ko Ba'azne. Kisa: kowace kaka, kafin hukuma ta ba da ranar sakin gonaki, ana zaman ɗar-ɗar tsakanin manomi da makiyayi, kuma kowa ya san ɓarnar ƴan damman gero kan iya jawo asarar rai. Ɗaukar abin da ba a ba ka ba: tiyar awo biyu, ɗaya ta saye ɗaya ta sayarwa, buhun agaji da kan ɓace tsakanin mota da sito, malamin da ya karɓi albashin wata ya shiga aji kwana goma. Lalata: babban mutum da ke sayen mutuncin ɗaliba da maki. Ƙarya: saƙon murya na WhatsApp da ake turawa ba bincike, ya ɓata sunan mutum ko ya haɗa ƙauye biyu faɗa kafin la'asar. Maye: tiramol da ya zama karin kumallon wasu ƴan kabu-kabu da leburori, da kodin da sai a 2018 Najeriya ta hana haɗa maganin tari da shi, bayan wani binciken BBC ya tona yadda yake cinye matasa.

Wa'azi bai yi mana ƙaranci ba. Masallatai a cike suke, rediyo da wayoyi ba sa rabuwa da tafsiri, yaranmu na iya kawo hadisin gaskiya da amana da ka. A 1974 an buga nazarin Baturen nan Anthony Kirk-Greene a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, inda ya lissafa halaye goma, daga gaskiya da amana zuwa kunya da mutunci da adalci. Ke nan littafi muna da shi, al'ada muna da ita. Inda muke tuntuɓe shi ne wajen mayar da su aikin ranar Talata da hantsi, lokacin da ba liman, ba mai kallo, ga kuɗin wani a hannunka.

A matsayina na mai horar da malaman firamare, abu uku nake ganin za mu iya tsinta daga tsarin waɗancan mutane ba tare da mun taɓa aƙidarsu ba. Na farko, taƙaitawa. Darasin tarbiyya a makarantunmu yakan zama dogon rubutu a allo da yaro zai kwafa don jarrabawa. Abu biyar da yaro zai ƙirga da yatsun hannu ɗaya sun fi shafi ashirin zama a zuciya. Na biyu, a bar yaro ya faɗa da bakinsa cewa shi ya ɗauki alƙawarin, domin abin da bulala ta dasa, ranar da bulala ta tafi yake bushewa. Na uku, a ɗaure alƙawarin da aiki na zahiri da kuma lokaci sananne. Aji ya tsai da cewa wannan mako ba mai taɓa alƙalamin wani sai da izini, ranar Juma'a a zauna a tambayi juna yadda aka ƙare, malam shi ma ya faɗi ko ya zo a kan lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma hannun mai tanƙwarawar ma sai ya kasance a miƙe.

Mai cewa bai kamata mu kalli waɗanda ba addininmu ɗaya ba, ina girmama kishinsa. Sai dai ƙasar Arewa ta daɗe da sanin zaman mabambanta: Musulmi, da Kiristocin Dogon Dutsi, da Aznan Lugu da Bagaji, kasuwa ɗaya suke ci, kuma a kasuwar nan ba a tambayar mai awo addininsa kafin a gane ko tiyarsa cikakkiya ce. Kallon maƙwabci ba ya rage wa mutum imani. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Miyanma ta nuna wa duniya abin da ke faruwa idan kyakkyawar koyarwa ta tsaya a leɓe. Mu da muke alfahari da cikar addininmu, nauyin da ke kanmu ya fi nasu, kuma ƴaƴanmu na kallon hannayenmu fiye da yadda suke sauraron bakunanmu. Allah Ya ba mu ikon aikata abin da muke faɗa.