FILIN MATA: Dariyar Asibiti Da Iyakarta

Akwai 'yan makaranta da yawa masu sha'awar aikin nas ko ungozoma, amma tsoron kuskure a gaban jama'a ya hana su. To, ku matso mu yi magana.

Ba mai shiga aikin asibiti ya fita bai sha dariya ba. Ga misali. Mu nan Garu a Illela, Birnin Ƙonni ta Nijar tana kusa da mu ƙwarai, kullum mutanenta suna ƙetarowa neman magani. Su a bakinsu asibiti shi ne "likita", likita kuwa "lokotoro". Sai baƙuwar nas daga Kano ta ji mace ta ce, "Na kwana uku a likita," ta riƙe baki don mamaki, har sai tsofaffin ma'aikata sun gama dariya su fassara mata.

Wata ɗaliba kuma ta sa wa dattijo ma'aunin zafi a baki, alhali yanzu ya ajiye ƙwaryar koko mai zafi. Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne, ita kuwa ta ga ya haura, ta ruga ta kira likita. Daga ranar sunanta ya koma Sista Koko. Ta ji kunya, amma ba ta sake auna kowa ba sai ta tambaya ko ya sha abu mai zafi, ta jira bakinsa ya huce.

Irin wannan tsokana ba baƙuwa ba ce gare mu. Bagobiri da Bayarabe, Bafillace da Babarbare, duk abokan wasa ne, ga kuma taubasai a kowane gida. Har a 2014 hukumar UNESCO ta sa wasan barkwanci na Nijar cikin jerin al'adun duniya. Mutanen da su ke kwana tsaye kan marasa lafiya, in ba su ɗan dara ba, gajiya ta kashe su.

Amma wasan yana da iyaka. Na farko, ba a yinsa a gaban majinyaci, ba a kuwa yinsa a kansa. Asirin mara lafiya amana ne. Na biyu, kada manya su tsananta har yarinya ta fara ɓoye kuskurenta. Nan ne haɗarin ya ke. Maganin yara da nauyin jikinsu a ke auna shi. In ɗaliba ta ba jariri fiye da ƙima, ta yi shiru don gudun dariya, ana iya rasa rai. In ta faɗa nan da nan, likita ya san abin yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka, ke 'yar makaranta, in an tsokane ki, ki yi dariya tare da su, ki riƙe darasin. Ku kuma iyaye, kada ku ce 'yarku mai kunya ce ku hana ta. Matanmu da yawa sun fi sakin jiki da mace wajen awo da haihuwa, in ba 'ya'yanmu sun koya ba, wa zai duba mu?

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.