Raunin Gwiwa Ya Fi Ƙarfin Mai Ɗori

Jama'a, a 2020 jijiyar tsakiyar gwiwar Virgil van Dijk na Liverpool ta tsinke, ya yi kusan wata 10 bai buga wasan gasa ba. Irin wannan rauni bai cika zuwa shi kaɗai ba. Yayin tsinkewar, ƙashin cinya kan daki na ƙwauri har jini ya taru cikin ƙashin; sau da yawa kuma ɗaya daga guringuntsi biyun da ke tsakaninsu ya yage. Hoton ƙashi ba ya nuna waɗannan, sai na'urar MRI. Saboda haka, in gwiwa ta kumbura nan take, ko tana sarƙewa, a nufi asibiti, domin murzar mai ɗori na iya ƙara yagewar. Allah ya kiyaye, amin.