Garken mutum-mutumi: igiyar tana hannun wa?

A 2025 kamfanin Amazon ya sanar cewa mutum-mutumin da ke aiki a rumbunan kayansa sun kai miliyan 1. Ƴan uwanmu ƴan ci-rani da ke ɗaure kwali a irin waɗannan rumbuna a Amurka da Turai sun san su: gajerun na'urori masu taya, da ke shiga ƙarƙashin kanta su ɗauko ta. Ba su ke zaɓa wa kansu aiki ba. Garke ne, makiyayinsu kuwa manhaja ce da ke raba aiki tana tsara hanya.

Yau kamfanoni da dama na sayar da irin wannan kiwo ta intanet, daga manyan kwamfutocin da ake kira gajimare. Haɗawar ba wuya. Ana ba na'urar shaidar sirri, kamar katin ɗan ƙasa, daga nan ta riƙa aika rahoton inda take, sauran cajin batirinta da abin da ya lalace, ana turo mata umarni da sabuwar manhaja. Mutum ɗaya a kan kujera sai ya kula da na'urori masu yawa. Wannan amfani ne, ba mu musa ba.

Sai dai wanda ya ba da shaida yana iya soke ta. A 2022 sojojin Rasha sun kwashe injunan noma na John Deere daga garin Melitopol na Yukiren zuwa Ceceniya, da suka isa suka tarar an kulle su daga nesa. Mutane sun yi dariya, mu ma mun yi. Amma hannun da ya kulle wa ɓarawo zai iya kulle wa manomin da ya makara wajen biya. A ƙarshen 2024 kuma kamfanin Embodied ya durƙushe, ya shaida wa iyayen da suka sayi Moxie, mutum-mutumin yara na dala 799, cewa zai daina aiki, don ƙwaƙwalwarsa tana gajimaren kamfanin. Gangar jiki suka saya, hankalin na haya ne.

Kada a ce zancen ya yi mana nisa. Jiragen Zipline marasa matuƙi suna kai jini da magani a Gana tun 2019, a jihar Kaduna tun 2022. Mu kuwa da muka kwana cikin duhu a watan Ogustan 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, mun san ɗacin abin da makunninsa ke hannun wani.

Don haka duk ma'aikata ko ɗan kasuwar da zai sayo irin waɗannan na'urori, kafin ya sa hannu a rubuta masa baƙi da fari: in rezo ya ɗauke, na'urar za ta ƙarasa aikinta ko tsayawa za ta yi? A wace ƙasa ake ajiye bayanan? In kamfanin ya mutu, ana iya mayar da ita ga wani makiyayin? Hanyar tana nan, Jamusawa sun fitar da ƙa'idar VDA 5050 don na'urorin kamfanoni daban-daban su ji umarnin manhaja ɗaya, manhajar ROS kuma kyauta ce ga kowa. Ɗalibin jami'ar Maraɗi ko ta Damagaram da ke da kwamfuta yana iya sauke ta yau, ya fara gwaji da mutum-mutumin kwaikwayo a kan allo tun bai taɓa na ƙarfe ba.