Ɗan Bugaje a Bakin Tekun Tarkwa: Fa'idodi da Illoli

Yawancin samarin Bugaje da ke tafiya ci-rani Ikko, babban ruwan da suka sani shi ne dam ɗin Jibiya. Shi ya sa idan abokai suka ce a je Tarkwa Bay ranar hutu, ba a cika jan musu ba.

Zuwan kuwa yana da amfani. Mota ba ta kai wa wurin, sai an hau jirgin ruwa daga Marina ko Tsibirin Biktoriya, ana ratsa ta gefen manyan jiragen dakon kaya masu shiga Apapa. Wanda ya yi mako yana shaƙar hayaƙin Mile 12 zai san daɗin iskar nan. Ga kallon yaran unguwar, waɗanda ke miƙewa kan allo su hau igiyar ruwa. Katangar duwatsun da Turawan mulki suka gina don kare mashigar tashar jiragen ruwa ce ke karkato igiyar ta yi tudu. Abin mamaki, iskar hunturun nan da ke fasa mana leɓe a gida ita yaran suke so, domin daga tudu take kaɗawa zuwa teku, sai ta daidaita musu igiya.

Illar ta fi nauyi, a ganina. Ruwan dam a kwance yake, na teku kuwa zuwa yake yana komawa, kuma wajen komawar yakan bi wata siririyar hanya da ƙarfin gaske. Wurin sai ya yi lumui, igiya ba ta fashewa, baƙo ya ɗauka nan ne lafiya. Masu allo sun san hanyar, har binta suke don ta kai su ciki. Gwanin iyon kududdufi kuwa sai ya yi ta kokawar dawowa gaɓa kai tsaye har ƙarfinsa ya ƙare, alhali iyo ake yi a kaikaice, daura da gaɓa, har a fita daga jan. A bakin tekun Lighthouse, can bayan katangar, ruwan ya fi haka fushi.

Sai kuɗin jirgi da na rumfa, da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba, da robobin da ruwa ke amayarwa. Sana'a ma a wurin ba tabbas: a Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna wurin bisa zargin fasa bututun mai, dubban mutane suka rasa matsuguni.